Shin haƙuri kaɗai ya isa a kasuwar hannayen jari?

Abu_Hafsat_Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga mu sanin harkar hannun jari. Ina aiki a wani kamfanin dakon kaya a nan Jidda, kuma bayan na biya haya, na biya kuɗin ikamar iyali, wato izinin zamansu a Saudiyya, na aika abin da ya sawwaƙa gida Kano, akan samu kamar riyal 1,000 da ke saura a wata. Wani abokin aikina ya dage cewa duk wanda ya sayi hannun jarin manyan kamfanoni a Tadawul, wato kasuwar hannayen jari ta Saudiyya, ya kau da kai daga gare su shekara goma ko ashirin, ba zai taɓa yin asara ba, domin kasuwa komai faɗuwarta tana dawowa. Maganar ta shige ni, amma kuɗin gumi ne, ba na so in zuba su a kan zancen wurin shan shayi. Shin gaskiya ne haƙuri kaɗai ya isa, ko akwai sharuɗɗan da bai faɗa mini ba?

Baba_Misfala:
Wa alaikumus salam, ɗana. A Makka aka haife ni, kuma ina nan lokacin da abin 2006 ya faru, saboda haka bari in ba ka labarin abin da idona ya gani. A wancan lokacin bankuna suna da zaurukan da aka jera manyan allunan talabijin, mutane su cika su maƙil suna kallon lambobi suna komawa kore. Direban tasi yana maganar hannun jari, malamin makaranta yana maganarsa, har matan aure sun sayar da gwala-gwalansu sun ba mazajensu su saka musu. Wani maƙwabcina mai sayar da tasbaha da darduma kusa da Harami ya sayar da motarsa, ya karɓi bashin banki a kan albashin ɗansa, ya zuba duka. A watan Fabrairu na 2006 ma'aunin kasuwar, wato TASI, lambar da ke nuna tashi da faɗuwar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura maki 20,000. Kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da 8,000. Har yau da nake rubuta wannan bai sake taka wancan matsayi ba. Maƙwabcin nan nawa ya yi haƙuri iya haƙuri, amma banki bai yi haƙuri da shi ba, kowane wata sai an cire nasa. Ka gaya wa abokin aikinka ya zo unguwarmu ta Misfala a Makka in nuna masa mutanen da suka manta da hannun jarinsu kusan shekara ashirin.

Injiniya_Dammam:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya faɗa gaskiya ne, amma ina neman izini in yi ƙarin bayani a kan abu biyu. Na farko, lambar TASI da ake sanarwa farashi kawai take aunawa, ba ta haɗa da rabon ribar da kamfanoni suke biyan masu hannun jari kowace shekara ba, saboda haka wanda ya riƙe kamfanoni masu rabon riba tun wancan lokaci bai kai ga asarar da lambar take nunawa ba. Na biyu, kuma shi ne ya fi shafar Malam Abu Hafsat, maƙwabcin Baba ya zuba dukiyarsa gaba ɗaya a lokaci guda, kuma lokacin da farashi ya kai ƙololuwa. Mai saka riyal 1,000 duk wata ba haka lissafinsa yake ba. Idan hannun jari yana riyal 50 zai samu guda 20, idan ya faɗo zuwa riyal 25 zai samu guda 40 da kuɗin nan dai, wato faɗuwar kasuwa a shekarunsa na farko alheri ce gare shi muddin albashinsa bai tsaya ba.

Duk da haka ban yarda da kalmar "ba zai taɓa" ba. Ma'aunin Nikkei na Japan ya kai kusan maki 39,000 a ƙarshen 1989, bai sake wuce wannan matsayi ba sai a Fabrairun 2024, shekara 34 ke nan. Nasdaq ta Amurka ta haura 5,000 a Maris na 2000, sai a 2015 ta koma can. Kasuwa takan dawo, amma ba ta yi wa kowa alkawarin za ta dawo a cikin shekarun da yake da su ba.

Hajiya_Ummu_Sadik:
Ni dai duk wannan lissafin naku bai raba ni da zinare ba. Abin da na tara a sana'ar abincin da nake yi wa alhazai lokacin aikin Hajji, awarwaro nake saya in ajiye, ranar da buƙata ta taso in ɗauka in kai kasuwa a auna a ba ni kuɗina a take. Ban taɓa jin an ce zinare ya karye ya rufe ofis ba. Sannan kafin a yi nisa, wa ya tabbatar mana cewa wannan harka halal ce? Kamfanonin nan ba da bashin banki mai kuɗin ruwa suke aiki ba?

Dalibi_Madina:
Hajiya ta yi tambayar da ya kamata a fara da ita. Hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, don haka hukuncinsa yana bin abin da kamfanin yake yi. Kamfanin da ainihin sana'arsa haram ce, kamar bankin da ke cin kuɗin ruwa ko kamfanin giya ko na caca, babu saɓani a kan haramcin shiga cikinsa. Kamfanin da sana'arsa halal ce kuma ba ya karɓa ko bayar da bashi mai kuɗin ruwa, shi ne a nan ake kira naƙiyya, kuma babu matsala a kansa. Saɓanin yana kan na tsakiya, wanda ake kira mukhtalaɗa, wato sana'arsa halal ce amma yana da ɗan bashi ko ajiya mai kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda mazauninta yake Jidda, ta tafi a kan cewa asali shi ne hani. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain kuwa, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta halatta da sharuɗɗa, daga cikinsu kada bashin mai kuɗin ruwa ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kada kuma kuɗin shigar da ba su da tsabta su wuce kashi 5 cikin 100, sannan mai hannun jari ya fitar da wannan kason daga ribarsa ya bayar ba da niyyar neman lada ba. Matsayin kamfani yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka wanda aka ce masa ya saya ya manta, to ko ta fuskar addini ba zai iya mantawa gaba ɗaya ba.

Akanta_Riyad:
Ina so in koma kan tambayar farko da lissafi, domin akwai ɓarawon da ba a cika ambatonsa ba, wato kuɗin da ake yanka a hanya. Mu ɗauka misali ne kawai, ba alkawari ba. Wanda ya saka riyal 1,000 duk wata tsawon shekara 20 ya fitar da riyal 240,000 daga aljihunsa. Idan jarin yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 a shekara, kuma yana mayar da ribar ciki, zai tashi da kimanin riyal 520,000. Idan mai kula da asusun yana yankar kashi 2 cikin 100 kowace shekara, wato saura kashi 5, zai tashi da kimanin 411,000. Fiye da riyal 100,000 sun tafi a kan abin da mutum ya gani a takarda ya ce ai kashi biyu ne kacal. Haka ma mai saye da sayarwa kullum, duk shiga da fita sai dillali ya ɗauki kamashonsa, ko an ci riba ko an faɗi.

Wannan ne ya sa John Bogle ya buɗe wa talakawan masu zuba jari asusu mai bin ma'aunin kasuwa a Amurka a 1976, wanda ba ya zaɓar kamfani, yana sayen duka ne gwargwadon girmansu da ɗan ƙaramin caji. Warren Buffett ma, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya yi fare na dala miliyan ɗaya cewa irin wannan asusu zai doke zaɓaɓɓun asusun ƙwararru masu tsadar caji daga 2008 zuwa 2017, kuma shi ya yi nasara. Ba faren nake yabawa ba, Malam Ɗalibi kada ya kama ni, sakamakon nake nunawa. Yanzu akwai irin waɗannan asusu da aka tace bisa ƙa'idojin shari'a.

DanKatsina_Taif:
Malam Akanta ya yi magana kamar dukkanmu a Amurka za mu yi ritaya. Labarin Baba ya tuna mini da namu na gida. Bayan Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya tilasta wa bankunan Najeriya su kai jarinsu naira biliyan 25 a 2005, bankuna suka yi ta sayar wa jama'a hannun jari, wasu ma suna ba mutum bashi don ya sayi hannun jarin. Kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya zuba kuɗin sallamarsa a bankuna uku yana ganin ya rarraba jarinsa, alhali duk sana'a ɗaya ce, ruwa ɗaya zai ci su. A Maris na 2008 ma'aunin kasuwar Legas ya haura 66,000, a 2009 ya sauko kusan 20,000, kuma a Agustan shekarar Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya. Wasu bankunan na wancan zamani ko sunansu babu yanzu. Ma'aunin kasuwa yana iya farfaɗowa domin ana cire matattun kamfanoni a sa sababbi, amma wanda ya riƙe mataccen kamfanin babu abin da zai farfaɗo masa.

Injiniya_Dammam:
Malam DanKatsina, ai maganarka ta ƙarshe goyon bayan Malam Akanta ce, ba suka ba. Tunda ba mu san kamfanin da zai mutu ba, gara mu riƙe ma'aunin gaba ɗaya. Kuma kasuwar Legas ta dawo, ta wuce matsayin 2008 a 2023, ta haura 100,000 a farkon 2024.

DanKatsina_Taif:
Ta dawo a naira, Injiniya. A 2008 dala tana kusan naira 118, a 2024 ta wuce 1,500. Ma'aunin ya ƙaru da rabi, dala ta ninka fiye da sau goma. Ka tambayi wanda ya yi niyyar zuwa Hajji da wannan kuɗin ko ya dawo masa.

Dan_Mai_Wurno:
Gaisuwa ga dattawa. Ni daga Mai Wurno nake, a jihar Sinnar ta Sudan, yanzu ina zaune a Jidda, kuma abin da Malam DanKatsina ya faɗa mu mun ga wanda ya fi shi. A wurinmu kafin yaƙi mutane da yawa suna sayen takardun Shahama, na musharaka, wato haɗa jari da gwamnati, waɗanda ake ciniki a kasuwar hannayen jari ta Khartum, kuma ribar da ake rubutawa a takarda tana da kyan gani. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam, kuɗin Sudan, a hukumance daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, kuma hauhawar farashi a wannan shekarar ta wuce kashi 300 cikin 100. Wace riba ce za ta kamo wannan? Sai kuma yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka koma neman hanyar tsira da rai. Abin da nake so Malam Abu Hafsat ya lura da shi shi ne albashinsa a riyal yake, riyal kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986. Wannan ni'ima ce da bai kamata ya yi gaggawar canza ta zuwa kuɗin da ke narkewa ba. Sannan kada duk abin da mutum ya mallaka ya kasance a ƙasa ɗaya, ko wace ƙasa ce, domin mu ma ba mu taɓa zaton Khartum za ta zama haka ba.

Hajiya_Ummu_Sadik:
Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. To kun ga abin da nake faɗa, wanda ya gudu da awarwaro a hannu ya fita da dukiyarsa.

Akanta_Riyad:
Amin. Hajiya tana da gaskiya a wannan gaɓar, kuma ban ga laifin mutum ya riƙe wani kaso a zinare ba. Sai dai awarwaro goma bayan shekara ashirin goma ne, ba ya haihuwa, kuma kuɗin ƙira da aka biya ranar saye ba ya dawowa ranar sayarwa. Kamfanin siminti ko na sadarwa kuwa yana aiki, yana sayarwa, yana raba riba. Kowanne da amfaninsa.

Matashi_Kilo14:
Ni a ganina an tsawaita magana. Me ya sa ba za a ce masa ya sayi Aramco, kamfanin man fetur na Saudiyya, kawai ya huta ba? Kamfanin gwamnati ne, ba zai karye ba, kuma duk wata uku yana raba riba. Ko kuma ya shiga zaurukan Telegram da ake ba da shawarar abin da zai tashi gobe, akwai waɗanda nake gani suna nuna ribar kashi goma a rana ɗaya.

Injiniya_Dammam:
Ƙanena, a Dammam nake, kusa da hedikwatar kamfanin a Zahran, ba ni da abin cewa a kan ƙarfinsa. Amma kamfani mai ƙarfi daban, farashi mai kyau daban. An sayar wa jama'a hannun jarinsa a Disambar 2019 a kan riyal 32, cikin wata uku, da annobar korona da faɗuwar man fetur, ya sauko ƙasa da haka. A Yunin 2024 gwamnati ta sake sayar da wani kaso a kan riyal 27.25. Don adalci, a tsakani an ba da hannun jari ɗaya kyauta a kan kowane goma, sau biyu, a 2022 da 2023, saboda haka riyal 32 na farko daidai yake da kimanin 26.4 a sabon lissafi. Wato wanda ya shiga tun farko, abin da ya samu a waɗannan shekaru galibinsa rabon riba ne, ba tashin farashi ba. Wannan ba laifi ba ne, amma ba shi ne abin da mutane suka yi layi suna tsammani ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Aikin Malam Abu Hafsat na dakon kaya yana tafiya ne da ayyukan da kuɗin mai ke ɗaukar nauyinsu. Shekarar da mai ya faɗi, ita ce shekarar da kamfanoni suke rage ma'aikata, ita ce kuma shekarar da hannun jarin yake faɗuwa. Idan albashinsa da jarinsa duk a kan mai suke, rana ɗaya za su yi masa tawaye.

Baba_Misfala:
Game da zaurukan shawara, yaro, a 2006 ma akwai su, a dandalin intanet da saƙon waya. Masu kuɗi su sayi ƙaramin kamfani a ɓoye, su baza labari, talakawa su ruga, su kuma su sauke musu kayan su fice. Wanda ya san abin da zai tashi gobe ba zai faɗa maka kyauta ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

DanKatsina_Taif:
Mu ma a Najeriya mun ga MMM a 2016, tsarin damfara da ake biyan tsofaffin shiga da kuɗin sababbi, da alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, sai aka wayi gari a Disamba an daskarar da asusun mutane. Duk wanda zai karɓi kuɗinka a nan, ka duba sunansa a jerin waɗanda hukumar kasuwar jari ta Saudiyya, CMA, ta ba lasisi, kuma asusun ya kasance da sunanka, ba da sunan wani ɗan uwa ko kafili ba.

Malama_Yanbu:
Na karanta duka, kuma akwai abin da ban ga an taɓo sosai ba. Ana ta cewa shekara ashirin, amma wane ne a cikinmu masu ikama yake da tabbacin shekara ashirin a ƙasar nan? Kwantiragi yana ƙarewa, ana mayar da wasu sana'o'i ga 'yan ƙasa, kuɗin iyali da aka fara karɓa a 2017 a kan riyal 100 ya kai riyal 400 a wata a kan kowane mutum. Mai mata da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan duk wata kafin a ci abinci. Ranar da aka ce an buga wa mutum fita ta ƙarshe, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, yana buƙatar tikiti, da kuɗin jigilar kaya, da na makarantar yara a gida, kuma idan ba shi da ajiya dole ya sayar da hannun jarinsa a duk farashin da ya tarar, ko da kasuwa ta faɗi rabi. Wanda jarinsa ya faɗi rabi kuwa sai ya ninka kafin ya koma inda yake. Shawarata ita ce Malam Abu Hafsat ya fara tara abin da zai riƙe gidansa wata shida a wurin da zai iya ɗauka kowane lokaci, ya biya duk bashin da ke kansa, sannan ya fara maganar hannun jari. Kuma kafin ya buɗe mahfaza, wato asusun sayen hannun jari, ya nemi dillalin ya bayyana masa a rubuce abin da zai faru da asusun idan ikamarsa ta ƙare.

Abu na ƙarshe, ya sanar da matarsa. Lokacin da mahaifinmu ya rasu mun tarar da takardun hannun jari a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, wasu tun kafin a haife ni, da takardun rabon riba da ba a taɓa kai wa banki ba. Sa hannunsa ya canza, adireshin ya canza, wasu kamfanonin sun haɗe da wasu, kuma sai da aka yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da masu rajista kafin magada su ga wani abu. Mai hannun jari a Najeriya ya tabbatar yana da lambar CSCS, wato cibiyar da ke ajiye hannayen jari a kwamfuta, kuma ya cika takardar da za a riƙa tura masa rabon riba kai tsaye zuwa asusun banki.

Abu_Hafsat_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar Malama ta taɓa ni domin ajiyar da nake da ita ba za ta kai wata uku ba. Amma ina da saura tambaya. Idan na ɗauki shekara guda ko fiye ina tara ajiyar, ba na yin asarar lokacin da jari zai yi yana ƙaruwa, kamar yadda lissafin Malam Akanta ya nuna ba? Kuma kuɗin sallamar aiki da doka ta tanada, ba za a lissafa shi a matsayin ajiyar ba?

Akanta_Riyad:
Kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, sannan albashin wata cikakke a kan kowace shekara bayan haka, kuma yana raguwa idan ma'aikaci ne ya ajiye aiki da kansa kafin ya cika shekara goma. Haƙƙinka ne, amma yana hannun kamfani, kuma kamfanin da ya shiga matsala har ya sallami ma'aikata shi ne wanda ya fi jinkirin biya. Ni ba zan lissafa shi ba. Abin da zan yi a matsayinka shi ne in raba, riyal 700 ajiya, 300 asusu mai bin ma'auni, domin hannu ya saba kuma ka ga yadda zuciyarka take yi ranar da lambobi suka koma ja.

Malama_Yanbu:
Ban yarda da rabawar ba, Malam Akanta. Riyal 300 a wata na shekara ɗaya ba za su canza masa komai bayan shekara ashirin ba, amma za su iya zama tikitin yaro ɗaya.

Baba_Misfala:
Ni har yanzu da ɗana ne, fili zan ce ya saya a Kano. Amma na ji bayanin Injiniya, kuma na yarda cewa da maƙwabcina bai ci bashi ba da labarinsa ya bambanta.

Hajiya_Ummu_Sadik:
Malam Ɗalibi, tunda an dawo kan ajiya, yaya zakkar hannun jarin take? Zinarena na san yadda nake fitar masa.

Dalibi_Madina:
Ya danganta da niyya, Hajiya. Wanda yake saye don ya sayar idan farashi ya tashi, hukuncinsa na kayan kasuwanci ne, zai duba darajarsu a kasuwa ranar da shekara ta zagayo ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Wanda ya saya don ya riƙe yana cin rabon riba, idan kamfanin yana fitar da zakka, kamar yadda kamfanonin Saudiyya suke biya ga hukumar zakka ta gwamnati, malamai da yawa suna ganin ta wadatar masa a kan asalin hannun jarin, sai ya haɗa ribar da ya karɓa da sauran kuɗinsa. Idan asusun na kamfanonin waje ne da ba sa fitar da zakka, to nauyin yana kansa, kuma ya kamata Malam Abu Hafsat ya kai wa malami takardar bayanin asusun da ya zaɓa a duba masa kafin ya saka riyal ɗaya.